Dorina, Wufar Gidanmu, Ta Yi Shiru

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da falo mai cike da shiru, ni Malam Abdulbaƙi Attahiru, tsohon malamin tarihi kuma sufeton makarantu mai ritaya, mazaunin garin Illela, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da tsofaffin ɗalibaina na nan gida da na hayin iyaka, da kuma maƙwabta, waɗanda na san labarin ba zai yi musu ɗaci kamar yadda ya yi mini ba, rasuwar wufar gidanmu, wadda aka fi sani da Dorina. Ta cika ranar Juma'a bayan la'asar, a tsakiyar damanar bana, tana bakin aikinta, a gabana da gaban maiɗakina Hajiya Tasalla, bayan doguwar jinya da kowa ya san da ita in ban da ni.

Ba zan ja mata ayar da ake ja wa 'yan Adam ba, ba kuma zan roƙa mata abin da ake roƙa musu ba. Na yi boko, amma da allo na fara, na san iyakata. Sai dai wanda ya yi wa gida hidima, ko da katako ne, ya cancanci a faɗi asalinsa daidai, a faɗi abin da ya kashe shi daidai, tun kafin majalisar mai shayi ta bakin tasha ta fitar da nata tarihin.

Domin dattawan da ba su san mece ce wufa ba: akwati ce ta katako, baƙa, mai faɗin baki, wadda ake haɗawa da sifikokin rediyo. Ba ta magana, ba ta waƙa. Aikinta ta ɗauki sautin da ya fi ƙarfin sifika, wato gindin sauti, wanda samari ke kira bes, wanda ake ji a ƙirji da tafin ƙafa kafin ya iso kunne. A gidan nan kuwa nauyi guda aka sayo ta ta ɗauka, shi ne gangar surukina marigayi Hamidu, makaɗin masuntan Kalmalo, mahaifin Hajiya. Ta bakin Dorina kaɗai ake jin gangar nan. Wanda ya riƙe wannan zai fahimci dalilin da ya sa tsoho irina ya zauna rubuta ta'aziyyar akwati.

Ga yadda abin ya samo asali. A shekarar 1975 na sayi sifikoki biyu a Kaduna, ƙirar Ingila, ƙanana, masu tsabtar murya, waɗanda gidan nan ke kira Tagwaye. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, na ari babbar rakoda daga wurin aiki na tafi Kalmalo domin in ɗauki kiɗan da ake yi wa masunta kafin su faɗa tabki. Na ɗauki kiɗan a zuwan farko, ya kuma ɗauku sarai. Duk da haka na yi ta komawa, ina gaya wa Hamidu cewa ƙa'idar bincike ce ta wajabta a tabbatar da magana daga tushe. Ya saurare ni da haƙuri, har ranar da ya ce in diyarsa mai kawo mana fura ce tushen, in turo manyana. Aka ɗaura aure a shekarar da ta biyo. Hamidu ya rasu a 1984, gara ta cinye gangarsa a rumbu, babu kuma wanda ya gaje shi. Abin da ya rage daga gare shi kaset ɗin nan ne, wanda daga baya aka juye a kan memori, amma har yau kaset muke ce masa.

To amma Tagwaye, duk da asalinsu, ba su da ciki. In aka sa kaset ɗin, sai su fitar da muryar Hamidu tsaf, da hayaniyar masunta, da ƙarar gula a kan fata, ƙwas, ƙwas, ƙwas, su bar gangar kanta a baya. Hajiya ta saurara sau ɗaya tana amarya, ta ce wannan ba gangar babanta ba ce, wani ne ke faskare a bayan gida, ta tashi ta shige ciki. Na shafe sama da shekara arba'in ina yi mata bayanin cewa mutanen da suka ƙera Tagwaye su ne suka ƙera jirgin ƙasa. Ba ta taɓa musa mini ba. Ba ta kuma sake zama ba.

An haifi marigayiya a wata masana'anta da ban iya tabbatar da garinta ba, don haka ba zan faɗa ba. Abin da na tabbatar shi ne na gamu da ita a Birnin Konni a shekarar 2018, a ƙofar wani shago, ina wucewa na ji ƙasa na motsi a ƙarƙashin takalmina. Na tsaya. Na tambayi mai shagon ko za ta dace da ƙananan sifikoki irin nawa, ya ce ta dace da komai. Ban taɓa jin mai shago ya ba da wata amsa daban ba, amma a ranar na ɗauke ta a matsayin shaida. Muka hau kabu-kabu, wato babur ɗin haya, ita a gaba a kan tanki, ni a baya ina riƙe da hula, muka ƙetaro iyaka. Wani ma'aikaci ya dube ta, ya dube ni, ya tambaya ko gidan biki zan buɗe. Na ce masa aikin tarihi ne. Ya ce Allah shi taimaka.

A nan wajibi ne in yi wani ɗan tsokaci. Da an bar yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 yadda take, da Konni na ɓangarenmu, da kuma wataƙila takardar bayanin da ta zo cikin kwalin Dorina ta zo da Turancin da na iya. Amma aka sake zama a 1904, aka sake ja a 1906, ba tare da an tuntuɓi kakana ba, sai ga ni bayan shekara ɗari da ɗoriya riƙe da takarda cikin Faransanci. Na kai wa abokina Mukhtar ɗan canji, wanda duk kasuwa ta shaida ya iya Faransanci. Ashe Faransancinsa na lissafi ne. Ya karanta mini lambobin duka cikin murya mai daɗi, ya bar mini kalmomin.

Saboda haka da gwaji muka fara zama da ita, kuma farkon zaman bai yi daɗi ba. Na ajiye ta a kusurwar falo, inda ake ajiye babban baƙo. Ta yi gurnani guda, kwanon rufi ya amsa, farantan Hajiya suka fara tafiya a cikin kabet. A ranar jikoki suka raɗa mata Dorina. Gangar Hamidu ta fito, amma ta fito kamar hadari, ba a bambance bugu da bugu, ga shi kuma tana isowa bayan Tagwaye sun wuce, kamar ɗan amshin da ya makara. Na matso da ita tsakanin Tagwaye. Sai ta ɓace gaba ɗaya daga kujerata, alhali a madafa murafen tukwane na rawa. A nan na fara gane cewa ɗaki ma yana da ta cewa: sauti mai nauyi yana dukan bango ya dawo, a wani gurbi ya ninka kansa, a wani gurbi ya kashe kansa, kuma gurbin da ya zaɓa ya kashe kansa shi ne daidai inda maigida ke zama.

A bayanta akwai abin murɗawa biyu da makunni ɗaya. Na farko na ƙarfi ne, wannan ko jariri ya sani. Makunnin, bayan dogon nazari, na gano shi ke sa ta tura iska tare da Tagwaye ko ta ja a lokacin da suke turawa. In ta saɓa musu, kowa na aiki haiƙan amma ba a ganin komai, kamar kwamitocin da na zauna a ciki lokacin ina ma'aikata. Abin murɗawa na biyu shi ya fi burge ni, don shi ne iyaka: shi ke faɗin inda Tagwaye za su tsaya da inda ita za ta karɓa. In ka ɗaga iyakar ta yi sama, su da ita su yi ta da'awar ƙasa guda, sauti ya dagule. In ka sauke ta ta yi ƙasa, a sami fili a tsakani wanda ba na kowa ba, ganga ta faɗa ciki ta ɓace. Ni da na koyar da tarihin iyaka shekara da shekaru, a bayan akwatin nan na fara tausaya wa Turawan da suka ja ta.

Sai wata safiya na lura da wani zane a shafin ƙarshe na takardar. An zana akwati a kan kujera, an zana mutum a ƙasa yana rarrafe, kunnensa kusa da bango. Zane ba shi da Faransanci. Na fahimci nufin: a ɗora wufa a mazaunin mai saurare, shi kuma ya zagaya ɗakin a ƙasa, duk gurbin da ya ji sauti ya zauna daidai, nan ne gidanta. Na ɗora Dorina a kan kujerata, kujerar da ko 'ya'yana ba sa zama a kai. Na sa kaset, na tattare babbar riga, na sauka a kan gwiwa da tafin hannu, na kama gindin bango.

A wannan hali ne Sharafaddin, mijin 'yata Shahida, ya iso daga Tozai tare da baffanninsa biyu, sun kawo mana sabon gero. Sun ce sun yi sallama, na kuma yarda. Suka ɗaga labule suka tarar da surukinsu a ƙasa. Kowa ya san ba a tsayawa a kan suruki, ba a kuma gaishe shi daga sama. Sharafaddin yaro ne mai tarbiyya. Ya durƙusa, ya ga har yanzu ya fi ni tsawo, sai ya kwanta rub da ciki. Baffannin suka bi sahu. Ni kuwa ina tsakiyar aiki, kunnena na bango, ban san da su ba, na ci gaba da rarrafe. Su kuma da yake gaisuwa ba ta ƙare ba, suka biyo ni. Mun wuce taga, mun wuce kabet, sai da na juya a kusurwa na yi ido biyu da mutum uku a jere a bayana, na gaba yana cewa, “Baba, mun iske ku lahiya?” Babban baffan, dattijo mai taka-tsantsan, ya dubi wanda ke kan kujera, ya ga shi kaɗai ne a sama, ya ɗaga masa hannu ya ce ranka shi daɗe.

Hajiya na tsaye a ƙofar ciki. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, “Malam, wanga sarki da kunka naɗa, a kawo mai ruwa ko hura?”

Labarin ya riga su isa Tozai, ya kuma dawo Illela da ƙari. Ina amfani da wannan dama in gyara tarihi: goshina bai taɓa ƙasa ba, kuma na yi wa liman bayani da kaina.

Amma rarrafen bai tafi a banza ba. A daidai inda na juya, kusa da ƙofar ciki, na ji gangar ta tsaya da ƙafarta. Matsalar guda ce, nan ne Hajiya ke ajiye 'yar kujerarta, inda take zama ta ba ni saƙo ta koma. Aka shiga tattaunawa. Na ba da taga, na ba da fanka, na amince a ɗauke mini tarin jaridu na zamanin soja. A ƙarshe aka ɗaga kujerar, Dorina ta tare, na daidaita iyaka, na juya makunni har ta yarda ta tura tare da Tagwaye, na rage mata ƙarfi har sai da na daina sanin inda take. Ranar Juma'a bayan la'asar na sa kaset. Hamidu ya yi kirarinsa, masunta suka amsa, gula ta sauka, sai daga ƙarƙashin ɗakin, ba daga akwati ba, aka ji dum, dum, dirim.

Hajiya na shigowa da tire. Ta tsaya. Ta ajiye tiren a ƙasa a hankali, ta ce, “Wagga ita ta.” Ta nemi kujerarta, ta tarar babu gurbi a falon sai gefen tawa. Nan ta ajiye ta, nan ta zauna, har kaset ya ƙare tana riƙe da bakin mayafi. Tun daga ranar, kowace Juma'a bayan la'asar nan take zama. Abin da jirgin ƙasa da Ingila suka kasa yi mini, akwatin Konni ta yi.

Marigayiya ta kasance mai tawali'u. A shekarunta na ƙoshin lafiya baƙo kan zauna ya yi ta yabon Tagwaye, yana mamakin yadda ƙananan abubuwa ke da irin wannan ƙirji, ita kuwa tana gefen ƙofa ba ta ce uffan ba, ni ma ban ce ba. Ba ta shiga siyasa: in ana labarai takan yi shiru, sai dai in mai karantawa ya yi gyaran murya ta taya shi da ɗan hum. Jikoki sun hau ta, an ɗora mata tiren shayi, kyanwa ta mai da ita gado, ba ta taɓa kai ƙara ba. An rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, ta yanke da danginta na Konni, ba ta nuna ba. Aibinta guda da na sani shi ne ba ta iya cewa a'a ba.

Jinyarta ta fara ne, a nawa lissafin, lokacin da Tagwaye suka soma raɗa. Na lura muryar Hamidu na ja da baya, ƙarar gula na dushewa. Ban yi mamaki ba, domin a daidai wannan zamani na lura mutane gaba ɗaya sun daina buɗe baki. Masu karanta labarai suna tauna magana. Ɗalibaina na dā in sun zo gaisuwa sai motsin leɓe. Hajiya kanta, wadda a dā ake jin kiranta daga zaure, ta koma magana ciki-ciki. Har zabin maƙwabta sun yi ladabi. Na danganta wannan ga lalacewar zamani, na kuma yi wa majalisa jawabi a kai, ba wanda ya mayar mini da martanin da na ji.

Tunda Tagwaye sun gaza duk da ƙarfin da na ƙara musu, sai na ga ya dace Dorina ta taimaka musu. Na ɗaga iyaka kaɗan, na ƙara mata ƙarfi kaɗan. Bayan wani lokaci na sake ɗagawa. Ta karɓi ƙasar da ba tata ba, ta shiga ɗaukar muryar Hamidu, da ta masunta, da abin da ba a halicce ta dominsa ba, har abin murɗawar ya kai bango. Farantai suka koma tafiya. Shahida, wadda ke aikin jinya a Sakkwato, ta zo hutu ta zauna a gabana ta ce a je a duba kunnena. Na tunatar da ita cewa da kunnen nan na ji sanarwar 'yancin kai a 1960, daga rediyo guda, ina can ƙarshen filin makaranta. Ta ce ai tun lokacin yake aiki ba hutu. An ce maƙwabta sun aiko mai unguwa ya buga ƙofa har ya gaji. Ba ni da shaidar wannan.

Hajiya ta gaya mini Dorina ta fara tari, wai takan yi ɓrrr a ƙarshen kowane bugu, daga baya ta koma kaf-kaf kamar tsumma a iska. Ni abin da na ji shi ne wani ɗan caccaka a tafin ƙafa, na ɗauka ci gaba ne. Duk da haka Hajiya ba ta fasa zaman Juma'a ba. Sai bayan rasuwar na sami labarin cewa ta daɗe tana zuwa da auduga a kunne, ƙarƙashin ɗankwali.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da safe, gari ya yi sanyi. Muka zauna, na sa kaset, na ɗora ƙafafuna a ƙasa yadda na saba. Ta yi dum. Ta yi dum na biyu. A inda ya kamata ta yi dirim, sai ta yi wani ɗan huci, wari irin na roba ya tashi, ƙasa ta tsaya cik. Na jira. Falon ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba. Na tashi na dafa ta, da ɗumi. Na juya ga Tagwaye, na kara kunne, babu komai sai ɗan sis. Na ce wa Hajiya annoba ce ta shigo gidan, su ukun sun tafi lokaci guda, a kira masu ɗaukar gawa.

Ta cire audugar. Ta matso daidai kunnena na hagu, ta ce da ƙarfi, “Malam, rage su. Ana jin su har bakin titi.”

Na koma na zauna. Na dubi Tagwaye, waɗanda na yi wa ƙazafin tsufa, ashe suna nan suna rera muryar Hamidu ga duk unguwa in ban da mai su. Masanin tarihi ba ya gardama da shaidar gani da ido, balle ta ji da kunne, musamman in kunnen ba nasa ba ne. Mai gyara na kasuwa ya zo washegari, ya buɗe ta, ya ce zaren tagullar da ke cikinta ya ƙone, takardar bakinta ta yage, babu kuma irinta a nan ko a Konni. Ya ƙara wasu maganganu, amma kansa na sunkuye, ban same su ba, kuma daga fuskar Hajiya na ga ba asara na yi ba.

Masu ba da haƙuri sun ce a sayo wata. Na gode musu. Sai dai wufa ba buhun gero ba ce da za a sauke a ce an gama. Sai an sake neman gurbinta, an sake jan iyaka tsakaninta da Tagwaye, kuma da kunne ake ja. Gwiwar da za ta yi rarrafen ma ta yi ritaya, balle alƙalin da zai yanke hukunci. Na yi tunanin abin sosai, na ga gangar Hamidu ta mutu a hannuna karo na biyu, kuma wannan karon ba gara za a zarga ba. Juma'ar da ta biyo baya na ga 'yar kujerar Hajiya ta koma bakin ƙofar ciki. Na ɗauki littafi na riƙe.

Marigayiya ta bar Tagwaye, cikin ƙoshin lafiya kamar yadda aka shaida mini. Da amfilifaya, na'urar da ke ba su ƙarfin sauti, wadda ta yi ta ba ta abin da ya kashe ta bisa umarni. Da filogi mai ƙafa biyu irin na Nijar, tare da ɗan abin da ke sasanta shi da bangon Najeriya. Ta bar dangi masu yawa a gidajen biki na Konni, waɗanda ba a sanar da su ba, don ba za su ji ba. Ta bar faranti guda mai tsaga, da shatin ƙafafunta a kan leda, da Sharafaddin, wanda har yau in zai shigo falona sai ya fara leƙa ƙasa. Ta kuma bar ni.

Da mai gyara ya kwashe kayan cikinta, ya bar gangar jikin, akwati wofi mai buɗaɗɗen baki. Na sa aka ajiye ta gaban kujerata kafin a yanke shawara, na mai da ita matashin ƙafa. A Juma'a ta gaba ina zaune, ƙafafuna a kanta, littafi a hannu, sai na ji dum a tafin ƙafata. Na ɗauka ciwon tsufa ne. Sai na ji dum na biyu. Na sauke littafin. Hajiya ce, ta janyo kujerarta, ta naɗe hannun riga, tana dukan gefen akwatin da tafin hannu. Kusan shekara hamsin diyar makaɗi na gidan malamin makaranta, ban taɓa ganin ta buga ko ƙwarya ba. Ta yi dirim. Ya hau ta ƙafa, ya bi ta gwiwar nan da ta yi rarrafe, ya zauna a ƙirji.

Da ta kai ƙarshe, na ga wajibi ne a kaina, domin amanar ilimi, in sanar da ita cewa a kaset bugu na uku yana ɗan jinkirtawa fiye da yadda ta yi. Ta matso kunnena na hagu.

“Malam, kai ga kaset kas san babana. Ni ga cinyatai nit tashi. Mai da ƙahwa.”

Na mayar da ƙafa.

Dangane da jana'iza, iyali sun tsayar da haka. Ba za a yi wanka ba, ba sutura, ba salla, ba kuma binnewa. Kayan cikinta an bar wa mai gyara sadaka, in ban da maganaɗisun, wanda Hajiya ta riƙe domin tsintar allura. Gangar jikin za a kai ta Kalmalo ranar kasuwa mai zuwa, inda wani ɗan uwan Hajiya zai ɗaura mata fatar akuya a baki, ta dawo gida ta zauna tsakanin kujeru biyu. Ba a kan tanki za ta tafi ba, Sharafaddin ya ba da mota. Ni kuma Shahida za ta wuce da ni Sakkwato a duba kunnuwan, na kuma amince ne kawai domin a sami rubutacciyar shaida.

Ana karɓar gaisuwa a gidana kowace rana da hantsi. Ana roƙon masu zuwa su zauna ta hagu, su dubi fuskata, su buɗe baki kamar mutanen dā. Ba sai an durƙusa ba, an riga an yi wannan ya wadatar. Maƙwabta kuma an yafe musu zuwa da fuskar jimami, su zo da wadda suke da ita. Ranar Juma'a bayan la'asar kaɗai ba a karɓar kowa. Wanda ya zo a lokacin ya tarar da ƙofa a rufe, ya kuma ji ƙasa na ɗan motsi a ƙarƙashin takalminsa, ya yi haƙuri ya koma. Ba za a amsa masa sallama ba, kuma wannan karon kada ya ɗora wa kunnena laifi.

Sanarwa daga Malam Abdulbaƙi Attahiru, Illela, a madadin iyalan marigayiya.